Wasan Daɓe Cikin Rashin Tabbas: Yadda Wata Ƙungiya a Gombe Ta Sake Tsarinta, 2020 Zuwa 2025

Asalin ƙungiyar da hanyar samunta

Ƙungiyar da wannan nazari ya bi diddiginta ta 'yan wasan daɓe ce da ke cikin garin Gombe, kuma an sakaya sunanta da na mambobinta. Ta samo asali ne daga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta wata makarantar sakandare, inda wasu tsofaffin ɗalibai suka ci gaba da haɗuwa bayan sun gama karatu, har abin ya zame musu sana'a ta biyu. Zuwa farkon 2020 tana da mambobi 14, maza 10 da mata 4, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya dogara da wasa kaɗai wajen cin abinci. Akwai malaman firamare biyu, da tela, da mai gyaran waya, da ɗaliban jami'a, da wata ma'aikaciyar jinya wadda ita ke riƙe da kuɗin ƙungiyar. Shugaban, wanda shi ne kuma mai ba da umarni, kowa Hamma yake ce masa, kamar yadda ake kiran babban wa a garin. Babbar cikin matan kuwa Adda ake ce mata.

Kuɗin ƙungiyar ta hanya uku suke shigowa. Akwai kuɗin ƙofa da liƙin da 'yan kallo ke yi a wasannin salla ƙarama da babba. Akwai gayyatar makarantu a ranar raba kyaututtuka ko yaye ɗalibai. Sannan akwai wasannin wayar da kai da ƙungiyoyin lafiya ke ɗaukar nauyinsu a kan riga-kafi da awon ciki da tsafta, waɗanda ke kai 'yan wasan Kumo da Deba da Dukku da Bajoga da Billiri da ƙauyukan da ke kewaye da su.

Yadda suke wasan a wancan lokaci ma abin lura ne, domin shi ne zai sake fitowa a tsakiyar labarin. Ba su da cikakken rubutaccen wasa. Hamma kan rubuta ƙashin labarin a shafi ɗaya ko biyu, ya nuna wanda zai shigo da abin da ya kawo shi da inda fitowar za ta tsaya, sauran maganar kuwa kowa daga bakinsa yake fito da ita. Wannan salo ba su suka ƙirƙiro shi ba. Haka yara ke tashe daga goma ga watan azumi, haka 'yan kama ke wa'azinsu na barkwanci, kuma haka yawancin wasannin rediyo da talabijin na Hausa suka taso kafin finafinan bidiyo su bunƙasa a Kano daga shekarun 1990.

Sana'ar tana da rauni guda da ba kowa ke gani daga waje ba. Wasan daɓe kamar kayan gwari ne: kujerar da ba a sayar da yammacin yau ba, ba za a adana ta a sayar gobe ba, alhali an riga an biya kuɗin mota da na wuri da na abincin 'yan wasa.

2020: shekarar da aka hana taro

An samu mutum na farko da ke ɗauke da cutar korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020, kuma kafin ƙarshen Maris an rufe makarantu an taƙaita taruwar jama'a. Hanyoyin samun ƙungiyar duka ukun suka toshe lokaci guda. Sallolin shekarar sun wuce ba tare da wasa ba, makarantu ba su yi bikin komai ba, ƙungiyoyin lafiya kuma suka mayar da kuɗin wayar da kai zuwa sanarwa a rediyo da motoci masu lasifika.

Sai dai ƙungiyar ba ta shiga bashi a wannan shekara ba, saboda ba ta da haya a kanta, ba ta da albashin kowa, kayanta kuwa akwati biyu ne na sutura da ke ajiye a shagon telan. Kowa ya koma ga sana'arsa ta farko ya jira. A lokacin babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin wata fa'ida.

2021 zuwa 2022: gyaran farko

Da aka buɗe gari, Hamma ya tara mambobi ya shaida musu cewa abin da ya fahimta a watannin zaman gida shi ne, ƙungiyar ba ta da gindin zama. Ba ta da wuri nata, ba ta da kayan sauti nata, kuma masu gayyata suna yi mata tayin wulaƙanci saboda suna ganin wasan yara ne. Maganin da ya kawo shi ne a kafu sosai, kuma kusan kowa ya amince.

An ƙulla yarjejeniya da mai wani zauren taro mai ɗaukar mutum kimanin 300, aka biya shi kuɗin wasu ranaku na shekara tun kafin su zo. An sayi janareta da manyan lasifikoki biyu da makirufo, rabin kuɗin daga adashin mambobi, rabin kuma rance daga kawun ɗaya daga cikinsu. Sannan Hamma ya zauna ya rubuta cikakken wasa na awa biyu, kowane ɗan wasa da kalmominsa da zai haddace, domin a samu abin da za a iya ɗora wa tikitin naira 500 ba tare da kunya ba.

Wasan farko, a ƙaramar sallar Mayun 2021, ya yi armashi. Zauren ya cika, sauti ya fita tas, kuma mutane da dama sun ce ba su taɓa zaton ƙungiyar za ta iya irin wannan ba. A babbar salla ma haka aka yi. Wannan nasara ce ta sa aka sabunta yarjejeniyar zauren na 2022, aka ma ƙara yawan ranakun.

Daga nan abubuwa suka fara warwarewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar 14 ga Fabrairu 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas ke nan. Ɗalibai, waɗanda su ne mafi yawan masu sayen tikiti a ranakun da ba na salla ba, suka watse garuruwansu, uku daga cikin 'yan wasan ma suka tafi. Ana cikin haka jarumar wasan ta yi aure aka kai ta wani gari. A tsohon salo da wata za ta hau gurbinta cikin kwana biyu, amma yanzu rawar tana da shafuka masu yawa na magana da babu wanda ya haddace sai ita, don haka aka ɗage wasa biyu da an riga an biya kuɗin wurinsu. Bayan an buɗe yaƙin neman zaɓe a ƙarshen Satumba, mai zauren ya bayar da ɗaya daga cikin ranakun ƙungiyar ga wani taron siyasa da ya biya fiye da nasu, ya sanar da su ana saura kwana uku, ya kuma ce a zaɓi wata rana maimakon ya mayar da kuɗi.

Akwai wata illa da ta fi waɗannan ɓoyuwa, kuma Adda ce ta fara lura da ita. Tun da aka koma haddar rubutu, idan ɗan wasa ya manta kalmarsa a kan dandamali sai abokin fitowarsa ya tsaya yana jiransa, su biyun su yi cirko-cirko a gaban jama'a. Mutanen da a da ba sa rasa abin cewa ko da akuya ce ta ratsa fili, yanzu tsoron kauce wa rubutu ya ɗaure musu baki. Bisa littafin ma'aji, kusan rabin wasannin da aka sa wa rana a 2022 ba a yi su ba, kuma rancen kawu yana nan ba a taɓa shi ba.

Janairu zuwa Maris 2023: ƙarancin takardun kuɗi

Ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fara fita ranar 15 ga Disamba, aka sa 31 ga Janairu 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffin, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Kowa ya san abin da ya biyo baya: dogayen layuka a bankuna, da masu POS da ke cire kaso mai tsoka kafin su ba mutum kuɗinsa a hannu.

Ƙungiyar ta sa wasa a farkon Fabrairu, ta kuma yanke shawarar karɓar kuɗin ƙofa ta hanyar turawa a waya. Ma'aji ta zauna a bakin ƙofa da wayarta a hannu tun bayan la'asar. Mutum zai tura naira 500, ya nuna mata shaidar turawa a fuskar wayarsa, ita kuwa ba ta ga saƙon shigar kuɗi ba, sai ta ce ya dakata a gefe. Kafin awa ɗaya waɗanda ke gefe sun fi waɗanda ke ciki yawa, ana ta cacar baki, wasu sun yi fushi sun tafi. Da aka ga rana na neman faɗuwa sai aka buɗe ƙofa kowa ya shiga, aka fara wasan awa biyu ana saura ƙasa da awa ɗaya a kira magariba. Aka yanke shi a tsakiya, ba tare da jama'a sun ga ƙarshensa ba. Liƙi kuwa babu ko sisi, domin wanda ya sha wahala kafin ya samu takardar naira 200 ba zai manna ta a goshin ɗan wasa ba. Wasu daga cikin kuɗin da aka tura sun shigo bayan kwana biyu, wasu ba su taɓa shigowa ba.

Zaɓen shugaban ƙasa ya zo ranar 25 ga Fabrairu, na gwamnoni da aka shirya yi 11 ga Maris aka ɗage shi zuwa 18, azumi kuma ya kama ranar 23. Duk da cewa Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun har ƙarshen shekara, ƙungiyar ba ta sake hawa dandamali ba sai bayan salla.

Yuni zuwa Agusta 2023: tsadar mai, da wasan da hadari ya tarar

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur, kuma cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500. Ƙungiyar tana da kwangilar wasannin wayar da kai guda huɗu a ƙauyuka, wadda aka yi cinikinta a dunƙule tun kafin wannan rana, kuɗin mota da na man janareta duk a ciki. Direban bas ɗin da suka saba ɗauka ya ninka kuɗinsa, kuma ba za a ce ya yi zalunci ba. Masu kwangilar suka ce kasafinsu ya riga ya rufe. Aka cika alƙawari aka yi wasannin, amma abin da ya rage bayan an cire ɗawainiya bai kai a raba wa kowa kuɗin sabulu ba.

Na ƙarshe cikin wasannin huɗu an yi shi a watan Agusta, a filin wata makarantar firamare a kudancin jihar. An kai kusan tsakiyar wasa sai hadari ya haɗo daga gabas, iska ta ɗaga rumfar da aka kafa, mai kula da inji ya yi maza ya kashe janareta don kada ruwa ya shiga. Lasifikoki suka yi tsit, mata suka fara jan yaransu. Adda tana tsakiyar fili a matsayin uwar miji, kuma maimakon ta dubi Hamma ta ji abin da zai ce, sai ta juya ga wanda ke fitowa a ɗanta, ta ɗaga murya yadda na baya za su ji, ta ce: "Kai ɗan nan, rufin ɗakinka iska ta kwashe, fitila ta mutu, matarka ko awon ciki ba ka kai ta ba, da wane bakin kake ce mini za ka ƙara aure?" Filin ya ɗauki dariya, waɗanda suka miƙe suka tsaya. Ba ta fita daga rawarta ba ta ce ita kam gaban mai unguwa za ta kai ƙara, duk mai son jin yadda za ta kaya ya biyo ta. Ta nufi wani aji da ke buɗe, jama'a suka bi ta, wasu a ciki wasu a baranda suna leƙe ta taga. 'Yan wasa shida suka ƙarasa labarin cikin kimanin minti 25, babu makirufo, babu rubutu, ruwa na dukan kwano.

Ɗaya daga cikin manyan lasifikokin ya jiƙe ya ƙone a ranar. Amma jami'ar lafiyar da ta raka su ta shaida musu cewa a cikin wasannin huɗu, a nan ne mata suka fi tsayawa bayan an tashi suna tambayar ranar awo.

Satumba zuwa Disamba 2023: zaman lissafi da sabon tsari

A watan Satumba ma'aji ta nemi a zauna, ta zo da littafinta. Ta jera duk wasan da aka fasa ko aka yi asara a kansa tun 2021, da dalilin kowanne. Dalilan ba su maimaita kansu ba: yajin aiki, aure, taron siyasa, takardun kuɗi, mai, ruwan sama. Babu wanda zai iya hango su gaba ɗaya, kuma ta ce ɓata lokaci ne a zauna ana ƙoƙarin canko na gaba. Abin da ya maimaita kansa shi ne ƙofar da asarar ke shigowa ta ciki. Ko dai kuɗi ne aka biya tun kafin ɗan kallo ko ɗaya ya zauna, ko rawa ce da mutum ɗaya tak ya iya, ko kuma wasa ne da ba ya yiwuwa sai da wuta da zaure da awa biyu cif. Hamma bai ji daɗin wannan bayani ba, domin duka ukun shawararsa ce ta haifar da su, amma bai musa ba.

A ɓangaren kuɗi an yi saurin daidaitawa. Ba a sabunta yarjejeniyar zauren ba. An sayar da janareta da lasifikar da ta rage, aka rage rancen kawu da kuɗin, aka sayi ƙananan lasifikoki biyu masu caji da fitilu da ƙaramin farantin sola. An mayar da lokacin wasa tsakanin la'asar da magariba, inda hasken rana ke isa. Duk mai gayyata zai ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, kuɗin mota kuwa an cire shi daga ciniki, ana biyansa daban bisa farashin tasha na ranar tafiya. Idan damina ce, a cikin takardar yarjejeniya ake rubuta rana ta biyu da ɗakin da za a koma idan hadari ya taso. An daina yi wa 'yan wasa alƙawarin tsayayyen kuɗi, aka koma rabon kaso bayan an cire ɗawainiya, kuma kashi ɗaya cikin goma na kowane wasa yana shiga asusun da ba a taɓawa sai an fasa wasa. Tikiti kuma aka riƙa ajiye shi kwanaki kafin wasa a wurin masu shaguna da wani mai POS na unguwa, don kada a sake tara jama'a a bakin ƙofa ana jiran saƙon banki.

Aikin dandamali ne ya ɗauki lokaci. An koma ga ƙashin labari, amma ba kamar da ba. Kowane wasa yanzu yana da turaku uku da ba a taɓa su ko me ya faru: rikicin da ke buɗe labari, da wurin da al'amari ke juyawa, da maganar da dole ɗan kallo ya tafi gida da ita. Duk abin da ke tsakaninsu ana iya miƙa shi ko a taƙaita. Ta haka kowane labari ya samu tsayi uku, na minti 20 da na 45 da na 90, kuma Hamma kan tsaya a gefen fili ya yi alama da hularsa idan yana son a tsallaka zuwa turke na gaba. Kowace rawa kuma sai mutum biyu sun iya ta.

Sannan aka shigo da abin da suke kira gwajin ba-zata. Kafin a fara gwajin wasa, kowa zai rubuta wata matsala a 'yar takarda a zuba a hula. Ana tsakiyar fitowa sai Hamma ya zaro ɗaya ya karanta da ƙarfi: lasifika ta mutu, ko amarya ba ta zo ba, ko saura minti biyar a kira salla, ko yaro ya shigo fili yana kuka, ko wani daga cikin 'yan kallo ya jefo magana. Dokar ita ce babu mai fita daga rawarsa, babu mai dariya, kuma dole a isa turke na gaba. A makonnin farko abin ya zama shirme, musamman ga ƙananan da suka shigo ƙungiyar a zamanin hadda. Adda ce ta riƙa nuna musu cewa sirrin ba saurin baki ba ne, sauraro ne: ka karɓi abin da abokinka ya faɗa a matsayin gaskiyar labarin, ko da ba shi ka zata ba, ka ɗora a kai.

Ba duk abin da aka gwada ne ya yi kyau ba. Raba rawa ga mutum biyu ya jawo gasa da ɓacin rai, har sai da aka tsayar da cewa karɓa-karɓa za a riƙa yi, ba sai na farko ya faɗi sannan na biyu zai hau ba. Sakin baki ma ya kusa jawo fitina. A wani gari, wani ɗan wasa ya jefa irin barkwancin da ke tsakanin Fulani da Barebari, wanda a cikin Gombe dariya kawai yake jawowa, amma ya karkata shi ga wata ƙabilar da babu wannan wasa tsakaninta da tasa, har sai da dattawan wurin suka nuna ɓacin ransu aka je aka ba su haƙuri. A jihar da Fulani da Tangale da Tera da Waja da Bolawa da Tula da Hausawa da wasu ke zaune tare, wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Daga ranar aka kafa iyaka: ba a ambaton ƙabila ko addini ko jam'iyya ko sunan wani mai rai a cikin maganar da ba a shirya ba. An kuma gwada haska wasa kai tsaye a Facebook, amma kuɗin data ya fi abin da ya shigo, sai aka taƙaita ga gajerun bidiyo da ke jawo gayyata.

Mambobi biyu ba su yarda da sabon tsarin ba sam. A ganinsu komawa baya ne, daga zaure da fitilu zuwa filin makaranta, kuma ɗayansu ya ce shi bai shiga ƙungiya don ya yi tashe ba. Ɗaya ya tafi Kano neman shiga fim, ɗayan ya koma yin gajerun bidiyo na kansa a TikTok. Suna cikin waɗanda suka fi kowa iya wasa.

2024: shekarar gwaji

Ranar 22 ga Afrilu 2024 aka lalata turakun babban layin wutar da ya taso daga Jos zuwa Gombe, garin da maƙwabtansa suka shafe makonni cikin duhu ko ƙarancin wuta. Ƙungiyar tana da gayyatar makarantu biyu a wannan tsakani, kuma duka an yi su da lasifikokin da aka caja da sola. A ɗaya daga ciki batir ya ƙare ana saura fitowa biyu, 'yan wasan suka matso kusa da ɗalibai suka ƙarasa da muryarsu.

Zanga-zangar tsadar rayuwa da aka fara ranar 1 ga Agusta ta sa wani mai gayyata ya fasa taronsa ana gobe za a yi. Kafin alƙalamin da ya bayar ya rufe abin da aka kashe, aka ɗauki kaɗan daga asusu aka ba waɗanda suka bar aikinsu domin ranar, bayan mako uku aka yi wasan. A ƙarshen Oktoba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda babu wuta, litar fetur kuma ta haura naira 1,000, ƙungiyar ba ta fasa komai ba. A wani wasa na watan Nuwamba motar 'yan wasa biyar ta lalace a hanyar Dukku, waɗanda suka riga isa su huɗu ne, suka yi na minti 20 da la'asar, da sauran suka iso aka ba jama'a wani labarin na minti 20 kafin magariba.

Halin da ake ciki a 2025

Zuwa tsakiyar 2025 ƙungiyar tana da mambobi 13, an gama biyan rancen kawu, kuma asusun ko-ta-kwana yana iya ɗaukar nauyin wasa biyu da aka fasa. Cikin wasannin da aka sa wa rana a 2024, 'yan kaɗan ne ba a yi ba, kuma babu wanda ya bar bashi. Abin da kowane ɗan wasa ke samu a wasa guda bai kai na wasannin sallar 2021 ba, amma yana zuwa a kai a kai. Mafi yawan kuɗin yanzu daga makarantu da masu wayar da kai yake fitowa, kuɗin ƙofa ya zama ƙaramin kaso.

Hukunci

Gyaran 2021 ba wauta ba ne. Hamma ya yi gaskiya da ya ce ana raina ƙungiyar, kuma wasannin sallar wannan shekara sun nuna cewa mutanen Gombe za su biya kuɗi su kalli dogon wasa mai tsari. Kuskuren shi ne an ɗauka cewa kafuwa ita ce tara abubuwan da ba sa motsi, wato haya da inji da rubutu, a shekarun da farashi da wuta da kalandar karatu da takardar kuɗin kanta duk suke motsi. Kowane ɗayan abubuwan nan uku ya mayar da ƙaramar matsala babbar asara.

Tsarin 2023 ya yi aiki ne saboda bai dogara da hasashe ba. Ma'aji ba ta san za a lalata layin wuta a Afrilu ba, ba ta kuma san za a yi zanga-zanga a Agusta ba. Abin da ta yi shi ne rage kuɗin da ke fita kafin wasa, da ɗora wani ɓangare na haɗarin a kan mai gayyata, wanda a da ƙungiyar ce kaɗai ke ɗaukarsa. A kan dandamali kuwa, abin da Adda ta yi a ranar hadari baiwa ce ta mutum ɗaya, kuma ƙungiya ba ta rayuwa a kan baiwar mutum ɗaya. Gwajin ba-zata da turakun nan uku su ne suka mayar da wannan baiwa abin da ake koya wa yaro ɗan shekara 19 cikin 'yan watanni. A ganina wannan ne mafi muhimmancin abin da ƙungiyar ta yi, kuma shi ne abin da ya fi wuyar kwaikwaya, domin yana bukatar shugaban da zai yarda a canza masa labari a gaban idonsa.

Amma an biya farashi, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. An rasa 'yan wasa biyu da har yanzu ba a samu kamarsu ba. Dogon wasan nan na awa biyu, wanda shi ne mafi kyawun abin da ƙungiyar ta taɓa yi, tun Fabrairun 2023 ba a sake nuna shi ba. Dogaro da masu ɗaukar nauyi kuma yana nufin su ke zaɓen jigo, ta yadda labaran da 'yan wasan ke son bayarwa da kansu, a kan rikicin gado da bashin manoma da zaman kashe wando na matasa, suna ajiye a littafin Hamma. Wannan ma wani haɗari ne da tsarin bai magance ba, domin ranar da ƙungiyoyin lafiya suka rage kasafinsu, kafin alƙalami ba zai cike gurbin ba. Mambobin sun san da haka. A zamansu na baya-bayan nan sun amince a ware wani ɓangare na asusu domin wasa ɗaya na minti 90 a kan rikicin gado, wanda za a yi a filin makaranta da rana, da tikitin da aka sayar tun kafin ranar, ba tare da mai ɗaukar nauyi ba. Ma'aji ta sa sharaɗin cewa ba za a sa rana ba sai an sayar da rabin tikitin.